Batta da Murfinta: Juya Itace a Ƙasar Gizago

Akushin kakata yana nan har yau a ɗakin mahaifiyata a Hayin Banki. Baƙi ne wuluk, ya sha man shanu da miyar kuka shekara da shekaru har ya yi sheƙi. In ka shafa cikinsa da tafin hannu za ka ji sawun ƙarfen masassaƙi, ƙanana-ƙanana a jere kamar sawun kaji a kan rairayi. Da'irarsa ba ta cika ba, gefe ɗaya ya ɗan fi ɗaya tudu, murfinsa kuwa zama kawai yake yi a kai, ba ya kamawa. Wanda ya sassaƙa shi da ido ya auna, da hannu ya gyara, kuma ba a taɓa ganin aibinsa ba, domin tuwo aka ce ya riƙe da ɗuminsa, ya kuwa riƙe.

Bara wani dattijon kafinta na unguwarmu, wanda tun muna yara muke ɗibar wa iyayenmu dusar katako a ƙofar shagonsa, ya miƙo mini wata 'yar batta ta itace da ba ta cika tafin hannu ba. Daga reshen darbejiya ya fitar da ita, reshen da iskar farkon damina ta karya. Na ja murfin, ya ɗan yi gardama, sannan ya fita da 'yar ƙara kamar an cire toshiyar gora. Na mayar da shi ya zauna daram, jijiyar itacen ta sama ta haɗu da ta ƙasa, sai ka ƙura ido kafin ka ga inda aka raba su. Na ce, "Baba, nawa zan bayar?" Ya ce, "Ɗana, wannan ba ta sayarwa ba ce. In aiki ya yi sauƙi nake yin su, don kada hannu ya manta." Tun ranar nake ajiye battar kusa da akushin ina kallonsu, ina tunanin yadda aka yi ƙasar da ta iya itace haka ba ta ɗauki wannan aiki da muhimmanci ba.

Injin juya itace ba shi da wuyar fahimta. Ana ɗaure guntun katako tsakanin ƙarafa biyu masu tsini, ko a damƙe shi ta gefe ɗaya, a sa shi yana juyawa da gudu. Mai aiki ya ɗora cizal a kan wani ƙarfe da ke kwance a gabansa, ya kusanto da kaifin a hankali, itacen da kansa ya riƙa kawo jikinsa ana aske shi. A wajen masassaƙi itace ne a zaune, gizago ke kaiwa da komowa. A kan inji kuwa ƙarfe ne a tsaye, itace ke gudu. Saboda haka duk abin da ya sauko daga injin da'irarsa cikakkiya ce, ko mai aikin gwani ne ko ɗan koyo. Gwaninta sai a nemo ta wani wuri, a kaurin bango, da kyan ƙira, da zaman murfi.

Dabarar tsohuwa ce ƙwarai. A Masar, a bangon kabarin Petosiris da ke Tuna el-Gebel, wanda aka gina kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), akwai zanen mutum biyu suna wannan aiki, ɗaya yana jan igiya itacen yana juyawa, ɗayan yana riƙe da ƙarfen yanka. Har gobe a kasuwar Marrakesh ta Maroko ana ganin masu juya itace a zaune a ƙasa, hannu ɗaya yana kai baka yana komowa da shi, tsirkiyar bakan a naɗe jikin itacen, yatsun ƙafa suna taya ɗaya hannun riƙe cizal. Tagogin katako masu ƙananan ƙulle-ƙulle na tsofaffin gidajen Alƙahira da irin wannan inji aka yi su, guntu bayan guntu. A Sudan akwai battar itace ja mai murfi da suke kira huggu, wadda ake zuba wa amarya busasshen turare a ciki, ba a cika faifan bikin aure ba tare da ita ba. Hausawan Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, zuriyar waɗanda suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, suna zaune cikin wannan al'ada fiye da shekara ɗari.

Fatakenmu sun yi ta zuwa Tarabulus da Gadamas, alhazanmu sun ratsa Sudan da ƙafa, sun ga duk wannan da idonsu. Sun kawo takarda da turare da alharini da tsakiya, amma injin juya itace bai biyo su gida ya zauna ba. A ganina dalilin ba ya wuce rashin buƙata. Allah ya riga ya juya mana ƙwarya a gona. Duma yana ba da ƙwarya da ludayi da gora da kurtun tawada, kowanne a zagaye, ba nauyi, ba tsada. Abin da ya rage na ƙananan mazubai kuma fata ta ɗauke. Masu tandu suna gina siffa da yumɓu, su lulluɓe ta da jiƙaƙƙiyar fata, in ta bushe su farfasa yumɓun su zazzage, sai ga tandun kwalli ko na mai, ko battar taba da murfinta. Ita kanta kalmar batta daga can ta fito kafin ta koma kan ta gwangwani da ta roba. Masassaƙi sai aka bar masa manyan kaya da masu shan wahala, irin su turmi da taɓarya, akushi, kujerar mata, muciya, allo, ƙotar fartanya, sirdi, kwale-kwale, jikin ganga da kalangu. Waɗannan kuwa gatari da gizago sun ishe su.

Har maganar murfi ma ƙwarya ce ta koya mana ita. Muna cewa kowace ƙwarya da abokiyar burminta, wato akwai wadda in aka kifa a kanta baki zai haɗu da baki. Matar da ke zaɓen ƙore a kasuwa tana kifa wannan a kan waccan har ta dace, abin da mai juya batta yake nema ke nan, sai dai ita nema take yi cikin tari, shi kuwa ƙirƙira yake yi daga itace guda.

Da Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa Kaduna daga Zungeru a 1917, injuna suka shigo ta hanyar ma'aikatar jirgin ƙasa da ma'aikatar ayyuka, daga baya kuma ta makarantun koyon sana'a. Makarantar fasaha da aka buɗe a Kaduna a 1956, wadda ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a 1968, ta yaye mutane da yawa da suka san inji, haka ma masaƙun Kakuri da suka fara da masaƙar KTL a 1957. To amma injin juya itace da ya fito daga aji ya shiga gari, bara ya zama a shagon kafinta. Aikinsa ƙafar gado, ƙafar tebur, sandar labule, ginshiƙan matakalar bene. Ana kawo wa mai injin katako ashirin a ce a yi su iri ɗaya kafin la'asar, ana biyansa da ƙidaya. Wanda ake biya da ƙidaya ba ya tsayawa wasa ƙarfe, sai ya kankare itacen da dakusasshen cizal, ya bi da sanfefa mai kaushi, fenti ya rufe sauran. Yawancin abin da muke gani ke nan, shi ya sa mutane suka ɗauka iyakar injin ke nan.

An sami wata dama a shekarun 1980, lokacin da aka shigo da tsarin karatu na 6-3-3-4 aka sa darasin fasaha a ƙananan sakandare. Gwamnati ta sayo injuna masu yawa daga ƙasashen Gabashin Turai ta rarraba. A makarantar da na yi, injin juya itace yana cikin akwatinsa a kusurwar wani ɗaki da ba a ja masa wuta ba, muka shiga muka fita ba mu taɓa jin ƙararsa ba. A allo aka zana mana shi, muka haddace sunayen sassansa, muka rubuta a jarrabawa. Har yanzu abin yana yi mini ciwo, domin a ajinmu akwai 'ya'yan masassaƙa da 'ya'yan maƙera waɗanda da an ɗora hannunsu a kan injin nan sati biyu, da sun wuce malamin.

Yumɓu ya yi sa'ar da itace bai yi ba. Maginan tukwane na ƙasar nan su ma da hannu suke gini, ba su san faifan juyi ba. A farkon shekarun 1950 wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a Abuja ta wancan lokaci, wato Suleja ta yau, Ladi Kwali ta shiga a 1954. Ta koyi faifan juyi, ta yi kwanoni da kofuna a kansa, amma ba ta yar da abin da ta zo da shi daga gida ba. Ta ci gaba da gina manyan tulunanta da hannu, ta ɗora zanen Gwari a kan sabon aiki da tsoho. Yau hotonta ne a bayan takardar naira 20. Sassaƙa ba ta sami irin wannan mahaɗa ba. Masassaƙi yana ƙauye da gizagonsa, mai inji yana birni da ƙafafun gadonsa, ba wanda ya zaunar da su a inuwa ɗaya.

Na roƙi Baba ya bar ni in kalli yadda yake yin battar daga farko har ƙarshe, ya ce in zo ranar da aka kawo wuta da safe. Ya ɗauko guntun itace mai kaurin inci uku, tsawon inci biyar, ya ɗaure shi a tsaye da jijiyarsa, wato yadda reshen ya tsiro haka ya kwanta tsakanin ƙarafan. Da farko injin yana kakkarwa, cizal yana tsalle a kan kusurwoyi, tas-tas-tas, can sai ƙarar ta lafa ta koma shuu, itacen ya zama mulmulalle. Ya yi masa 'yar gaɓa a kowane ƙarshe inda inji zai damƙa, sannan ya sa siririn ƙarfe ya raba shi biyu, kashi ɗaya cikin uku na murfi, sauran na uwar. Siririn ƙarfe yake sawa da gangan, domin duk abin da yankan ya ci ya tafi ke nan, in ya yi yawa jijiyar sama ba za ta sake haɗuwa da ta ƙasa ba.

Murfin ya fara ɗaurawa. Ya rarake cikinsa, ya miƙe bakin sosai, ya goge, ya shafa mai, ya sauke. Na ce, "Baba, me ya sa ba ka fara da uwar ba?" Ya ce, "Murfi in ya sauka daga inji ya sauka ke nan. Uwar ce za ta zauna a ɗaure, ita zan yi ta ragewa ina gwadawa har su daidaita." Nan ne aikin ya koma na haƙuri. Ya fitar wa uwar wuya, ya kashe inji, ya gwada murfin, bai shiga ba. Ya kunna, ya taɓa wuyan da kaifin ƙarfe taɓawar da ba ta fitar da komai ba sai ƙura, ya kashe, ya sake gwadawa. Na ƙirga sau bakwai. Tsakanin murfin da ya ƙi shiga da wanda ke lilo bai fi kaurin takardar littafi ba, kuma abin da aka aske ba ya dawowa. A na bakwai murfin ya shige da ƙyar, ya bar shi a haka da gangan, ya juya su tare kamar itace guda ya fitar da siffar waje, shi ya sa ba a ganin mahaɗin. Sai daga baya ya rarake cikin uwar, yana sa yatsa biyu yana jin kaurin bangon, ya sassauta wuyan kaɗan, ya kifa ta a kan wani guntun katako ya gyara gindin. Ko da aka kira azahar, batta ɗaya ce a hannunsa, shagon kuma ya cika da ɗacin warin darbejiya.

Zaman murfi iri-iri ne, kuma mai hankali yana tambayar me za a zuba kafin ya yanke shawara. Battar da za a sa a aljihu, ta allura ko ta ƙwayar magani, tana son murfi mai kamawa wanda sai da hannu biyu. Wadda za ta zauna gaban madubi da 'yan kunne ko zobe a ciki, murfin da za a ɗaga da yatsa biyu uwar ba ta biyo shi ba ya fi dacewa da ita. Masu koyo sukan ɗauka matsewa ita ce gwaninta, sai su yi wa uwargida battar da in ta ja murfin da ƙarfi duk abin da ke ciki ya watse a ƙasa.

Babban alƙalin wannan aiki a Kaduna shi ne yanayi. Itace ko ya bushe bai daina shan iska ba, yana kumbura da laima yana tsukewa da fari. A tsawonsa kusan ba ya motsi, a faɗinsa ne yake yi, kuma motsin da yake yi ta kewayen zoben shekarunsa ya kai kusan ninki biyu na wanda yake yi daga cibiya zuwa ɓawo. Dalilin da ya sa da'irar da aka fitar daga ɗanyen itace take komawa kamar ƙwai in ta bushe ke nan, kuma dalilin da ya sa ake yin batta a tsaye da jijiya. A garin nan laimar iska tana sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari da rana a tsakiyar hunturu, ta haura kashi 80 a watan Agusta. Kowa ya san ƙofar da ke ƙin rufuwa da damina ta dawo tana lilo da rani. Murfin da aka daidaita a Janairu yana iya cijewa a Agusta har sai an yi da gaske, wanda aka daidaita a marka kuma ya saki da hunturu. Maganin da Baba yake yi shi ne ya rarake battocin sama-sama, ya bar bangon da kauri, ya haɗa kowace uwa da murfinta ya ɗaure, ya jefa su cikin buhun dusar katako su yi watanni. Sai sun gama motsinsu yake dawo da su kan inji. Kuma ba ya yarda cibiyar reshe ta zauna a cikin aikin in yana da yadda zai kauce mata, domin daga nan tsagewa ke farawa.

Itacen kansa shi ne inda na fi ganin hujjar wannan sana'a a zamaninmu. Masassaƙan zamanin da sun san bishiya kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. Ƙirya ta turmi ce, kuma gawayinta maƙera ke nema, aduwa ta allo, ɗanya ta akushi, maɗaci da kawo da maɗobiya na aikin da ake so ya daɗe. Turmi guda yana cin gungume, akushi babba yana son bishiyar da ta shekara da yawa. Irin waɗannan bishiyoyi suna ƙarewa. Maɗobiya ta sha sara a Taraba da maƙwabtanta ana lodinta zuwa Sin, har yarjejeniyar CITES ta sa ta cikin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu daga farkon 2017, aka kuma dakatar da fitar da ita daga Najeriya a 2018. A taron da aka yi a Panama a Nuwamban 2022 aka ƙara da maɗaci da kawo na Afirka. Mu da muke maƙwabtaka da unguwar Kawo, yaranmu nawa ne za su iya nuna bishiyar da ke da wannan suna? Abin da masu katako suka bari, masu gawayi suna bi suna ƙarasawa. Karin maganar nan ta sara da sassaƙa ba sa hana gamji toho an yi ta ne a zamanin gatari, kafin zarto mai inji ya shiga daji.

Batta kuwa ba ta neman a kayar da bishiya. Guntun da ya faɗo daga zarton kafinta ya ishe ta, ko reshen da aka datse don ya taɓa waya, ko tsohuwar taɓarya da ta karye, ko ƙafar gadon kaka da gara ta ci rabinta. A 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano, da duk inda ake yanka katako a Kaduna, irin waɗannan guntaye a murhu suke ƙarewa. Darbejiya, wadda aka fara shukawa a Barno a 1928, yanzu babu layin da ba ta, kuma dangin maɗaci ce, cikinta ja-ja ne mai kyau, ƙwari ba sa son ta. Mangwaro yana da ratsi-ratsi, gwaiba da lemo suna da jiki mai laushin gogewa da ke karɓar ƙananan zane, kanya tana da nauyi da santsi. Itacen da bai isa a yi kujera da shi ba yana iya zama abin da za a gada.

Saura maganar da ta fi wuya, wato yin aikin don sha'awa. A wasu ƙasashe manya sun daɗe da ɗaukar juya itace abin hutawa. Sarkin Rasha Peter, wanda ya rasu a 1725, yana da injunansa na kansa, suna nan a gidan tarihi na Hermitage. A Ingila, George Lailey ya yi ta juya akussa da injin ƙafa har rasuwarsa a 1958, aka ɗauke injinsa aka adana a gidan tarihin rayuwar karkara da ke Reading, daga baya wasu suka je suka nazarce shi suka farfaɗo da aikin. A Amurka masu wannan sha'awa sun kafa ƙungiyarsu ta ƙasa a 1986, mafi yawansu ba da ita suke ci ba. A wajenmu sana'ar hannu gado ce, kuma tana da matsayi. Ɗan masassaƙi ne ke sassaƙa. Ma'aikacin gwamnati da ya kai matakin darakta, in aka gan shi da dusar katako a gemu, sai a fara tambaya ko lafiya, ko wani abu ya faru da fanshonsa. Ina ganin wannan kunya ba ta da tushe, ko a al'ada ko a addini. Malamanmu na zaure sun daɗe suna ɗinkin hula da aikin wuyan riga tsakanin darasi da darasi, ba wanda ya ce girmansu ya ragu. Attajirai suna kiwon tattabaru da dawaki ba don riba ba. Ya tabbata a hadisi cewa Annabi Zakariyya (AS) kafinta ne, Annabi Dawuda (AS) kuma daga aikin hannunsa yake ci. Ita batta ma ba ta da matsalar da ta sa malamai suka ƙyamaci sassaƙa siffar mai rai, mazubi ce kawai.

Kaduna garin 'yan fansho ne, tsofaffin sojoji, ma'aikatan jirgin ƙasa, malaman makaranta, da waɗanda rufe masaƙu ya zaunar tun shekarun 2000. Da yawansu sun san inji fiye da yadda suka san komai. Ina ganinsu a majalisa daga hantsi zuwa azahar, daga la'asar zuwa magariba, hannuwan da suka saba aiki suna zaune a kan gwiwa. Ba na raina majalisa, ita ke riƙe da zumuncin unguwa. Amma na ga fuskar Baba lokacin da murfin nan ya zauna, kuma na san akwai irin gamsuwar da hira ba ta bayarwa.

Akwai cikas na gaske, ba zan ɓoye ba. Wuta ba ta da tabbas, injin waje yana da tsada, ƙarafan yanka masu kyau ba a samunsu a ko'ina. Sai dai garin da ke da kasuwar Panteka bai kamata ya yi kukan inji ba. Maƙeran da ke haɗa injin niƙa da injin gyaran hatsi daga tsofaffin ƙarafa, ƙaramin injin juya itace ba zai gagare su ba in an kai musu zane, kuma Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1977 take da hedikwata a nan Kaduna, ta riga ta san da zamansu. Na Marrakesh da baka da tsirkiya suke yi, na Lailey da ƙafa ake takawa, ƙafar tsohon keken ɗinki ma tana iya juya abu mai girman batta. Abin da ba a sassauci a kansa shi ne kiyaye kai. Babbar riga da hannun kaftani mai faɗi da carbi a wuya ba sa kusantar itace mai gudu, in ya kama ba ya saki. A sa tabarau mai kare ido, a sa takunkumi, domin ƙurar maɗaci da ta darbejiya tana shiga ƙirji. Kada kuma a wasa wa yaro ƙarfe a ba shi inji a juya baya.

Inda nake da ƙorafi ga 'yan kaɗan da ke yin aikin shi ne siffa. Matasan da suka koya daga bidiyon YouTube suna kwaikwayon abin da suka gani, batta mai dogon tsini a ka irin ta Turawa, a shafe ta da fenti mai ƙyalli har itacen ya koma kamar roba. Mu kuwa muna zaune cikin siffofin da suka dace da inji kamar don shi aka yi su. Rumbu da hular ciyawarsa batta ce da murfi. Tulu, da gora mai wuya, da ƙubbar soro, da ƙwaryar da aka kifa wa 'yar'uwarta, duk da'ira ne. Masu zanen ƙwarya sun iya ƙona layi da ƙarfe mai zafi, masu akushi sun iya baƙanta itace su ciyar da shi mai, kakin zuma da man kaɗe suna ba da sheƙin da ba ya ɓoye jijiya. Duk wanda ya shiga kasuwar Kurmi a Kano, ko gidan tarihi na ƙasa da ke kan titin Ali Akilu a nan Kaduna, ya kalli tsofaffin kaya da idon mai ƙira, zai fito da aikin shekara. Amfani kuma ba a nemansa da nisa: turaren wuta, kwalli, goron ango, dabinon buɗa-baki, zoben amarya a cikin lefe. Yanzu duk a roba da gwangwanin waje muke zuba su.

An ce ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe. Ba ina kira a sa inji gasa da gizago ba ne, turmi da akushi suna nan a hannun masu su, kuma ranar Talata a kasuwar Kawo har yanzu ana sayen muciya da taɓaryar da hannu ya sassaƙa. Kirana shi ne a haɗa masu sanin itace da masu sanin inji tun tsofaffin suna raye. Makarantun fasaha na jihar nan da ke da injin juya itace a kulle su buɗe shi ranar Asabar ga duk mai so, yaro ko dattijo. Iyayen da ke haɗa lefe su nemi batta ɗaya ta itacen gida su sa a ciki, su biya mai aikin kuɗin yininsa ba tare da ciniki ba.

Kai kuma mai karatu, in iska ta karya reshe a ƙofar gidanka daminar bana, kada ka bari a faskara shi duka. Yanke guntu biyu masu tsawon taƙi, ka shafe bakinsu da kaki ko tsohon fenti don kada su tsage, ka ajiye a inuwa har hunturu ya wuce, sannan ka kai wa mai inji na unguwarku ka zauna kusa da shi ka ga yadda ake yi.